Kututturen Tsamiyar Gogo

Unguwar Rumde, Jimeta,
9 ga Afrilu, 1974.

Zuwa ga ɗana Salihu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da maiɗakinka da jaririnku, Ya tsare ku daga zafin Maiduguri, Ya sa wa aikinka albarka. Mu nan gida sai godiya. Mahaifiyarka ta warke daga ciwon gwiwa, har ta samu ƙarfin bina da faɗa zuwa zaure. Ƙanwarka Huseina ta shiga aji shida, ita ce ma ke gyara mini wasu baƙaƙen, domin ka san ubanka aji uku ya yi a elementare kafin malamin ya ba shi shawara ya je ya taimaki duniya ta wata hanyar. Inda ka ga rubutu ya miƙe, hannunta ne. Inda ya karkace kamar sawun kaza, nawa ne.

Na tabbata labari ya riga takardata isowa, don direbobin hanyarku ba sa ɗaukar ko ƙullin daddawa kyauta, amma tsegumi a bulus suke kai shi. To gara ka ji daga bakin mai shi. Gaskiya ne inji ya tuɓe ni a bainar jama'a. Ka tuna injin da Boaz makanike ya haɗa mini bara daga tsohon injin niƙa, wanda ya yi wa faifan ƙarfe mai haƙora, yana cin kututture kamar gara? Ranar da za mu yi aiki a filin wani Malam Mika'ilu a Alkalawa, sai na ga ai aikin babban mutum ne, na zuba babbar rigata ta Juma'a. Boaz ya ce in tuɓe ta, inji bai san mai riga ba. Na ce masa ni na san inji tun yana niƙa dawa. Ban rufe baki ba bel ɗin da ke juya injin ya cafke hannun rigar, ya juya ni sau ɗaya, ya zare ta daga wuyana, ya tauna ta ya tofar. Na tsaya daga ni sai wando da singileti mai huji, ga mata cike da bakin rijiya. Wata tsohuwa ta leƙo ta tambayi Boaz ko ni ma har saiwa za a cire ni. Da abin ya tsaya nan, da na yi dariya tare da su na wuce. Amma riga ce mafi ƙanƙantar abin da na rasa a filin nan.

Shi Malam Mika'ilun nan ɗan kwangila ne, sabon arziki, ya sayi fili zai gina gidan bulo. Filin yana maƙwabtaka da gidan wata dattijuwa Bafillatana da kowa ke kira Gogo. Mijinta ya rasu tun kafin samun 'yancin kai, ba ta da ɗa namiji a kusa, abin da ya bar mata shi ne rijiyar nan da 'yar gonar kuɓewa da rama a gefenta. Da su take ci, da su take sayen sabulu. Tsakanin filayen biyu akwai kututturen wata tsohuwar tsamiya, kuma a jikinsa akwai sara uku na gatari. Kai ɗan boko ne, watakila ka manta, amma duk wanda ya taɓa riƙe diga a ƙasar nan ya san ma'anar sara uku: shaidar iyaka ce, magabata suka yi ta da shaidu. Ba a taɓa irin wannan kututture sai an kira maƙwabta biyu da Jauro, wato mai unguwa, sun tsaya a kai. Ubana ya koya mini haka tun ban kai tsawon ƙotar gatari ba.

To me ya sa na taɓa? Ba zan yi maka ƙarya ba, na ga saran da idona. Na ma nuna wa Malam Mika'ilu. Sai mutumin nan ya dafa kafaɗata, ya kira ni Injiniya. Salihu, shekara talatin ina haƙar kututture a garin nan, sunan da na fi ji shi ne Nata'ala mai diga, wasu ma Baba Gara suke cewa. Ranar nan mai mota ya ce mini Injiniya a gaban mutane. Ya ce sun riga sun gama magana da Gogo, ita ce ma ta ce a raba ta da shi don macizai na kwana a ciki, kuma akwai aikin sabuwar hanya da zai samu, mai kututture fiye da ɗari, ba wanda zai ba sai ni. Na waiga ban ga Gogo ba, aka ce ta tafi Yola ta'aziyya. Maimakon in ce a jira ta dawo, sai na ce wa Boaz ya tayar da inji. Kututture bakwai muka ci ranar, shida na maina, wato darbejiya, ɗaya na tsamiyar nan. Muka cike ramukan, muka baje ƙasa, fili ya yi sumul kamar faranti.

Bayan kwana uku Gogo ta dawo ta tarar da dirkokin shinge sun yi tafiya. Taku tara suka ci cikin gonarta, rijiyar ta koma cikin filin Malam Mika'ilu. Ashe ba maganar da suka yi. Ashe ranar ma zaɓenta ya yi, ya san ba ta nan. Mutum yana da mota, yana da gida biyu, ruwan famfo na zuba a banɗakinsa, amma idonsa na kan rijiyar tsohuwar da ba ta da mai tsaya mata! Kuma bai yi satar da hannunsa ba, sai ya ari nawa, ya biya ni da suna.

Gogo ta kai ƙara wurin Jauro Hamajoɗa, mai unguwarsu. Aka tara mu a ƙofar gidansa. Malam Mika'ilu ya zo da farar shadda, ya rantse cewa tsamiyar can gaba take, bayan rijiya, daidai inda ya kafa shingensa. Matan unguwa suka ce ƙarya ne, ya ce mata sun san hanyar rijiya amma ba su san awo ba. Jauro ya ce to a tona a ga saiwa. Nan ne mutumin ya yi murmushi, ya nuna amalankena da ke gefe. Ka san allon da na sa aka rubuta da jan fenti: NATA'ALA MAI CIRE KUTUTTURE HAR SAIWA. Ya ce ranka ya daɗe, ga shi a rubuce, Injiniya ba ya barin ko tsinke a ƙasa, me za a tona? Jauro ya juyo ya tambaye ni ko haka ne.

A nan zan gaya maka abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai Boaz, shi ma don shi ya ƙera abin. Injin nan ba ya cire saiwa. Kamu ɗaya yake ci a ƙarƙashin ƙasa, iyakar inda faifan ke kaiwa ke nan. Sauran mu rufe da ƙasa mu take, mu bar wa gara ta ƙarasa a hankali. Lokacin da nake da diga, kwana huɗu nake yi a kan kututture ɗaya, in fito da shi da jijiyoyinsa kamar an cire haƙori, allon nan gaskiya yake faɗa a wancan zamani. Da inji ya zo, aiki ya canza, allo bai canza ba. Na ce wa kaina fenti tsada gare shi. Saboda haka da Jauro ya tambaye ni, ga rabin mutanen da na yi wa aiki zaune a wurin, sai ubanka, mai bakin da ba ya rufuwa ko a wurin jana'iza, ya sunkuyar da kai ya ce sai ya yi tunani. Gogo ta dube ni duba ɗaya, ta ɗauki sandarta. Jauro ya ɗage zama zuwa jibi.

Na dawo gida na tarar labari ya riga ni. Mahaifiyarka ta ajiye mini tuwo ba miya, ta ce miyar kuɓewa ce, kuma kuɓewar daga gonar Gogo ta saya, ba ta ga ta inda za ta bi maƙogwarona ba. Ta ce ta aure ni ina da diga da mutunci, yanzu ina da inji da allo. Washegari Boaz ya zo, ya zauna a kan turmi, ya ce Baba, shi ba zai iya shiga coci ran Lahadi da wannan abu a cikinsa ba, in ban faɗa ba shi zai faɗa, ko da inji zai koma niƙa dawa. Na yi masa masifa sosai, na ce yaushe aka haife shi da zai koya mini tsoron Allah. Ya bar ni na gama, ya ce to ina tsohuwar digar take, ya ga ƙotarta ta yi sako-sako, bari ya gyara.

Ran zaman na ɗauki digar a kafaɗa tun daga Rumde har Alkalawa, a ƙasa, don kowa ya gani. Na ce wa Jauro allona maƙaryaci ne, mai allon ya fi shi, a biyo ni. Na fara tona inda Malam Mika'ilu ya nuna, har ƙugu, ba komai sai jar ƙasa. Sannan na auna taku tara baya, na sara. Ban yi kamu ɗaya da rabi ba diga ta yi ƙara ta dawo mini, har haƙorana suka amsa. Ga gindin tsamiya zaune daram, faɗinsa ya kai tabarma. Malam Mika'ilu ya ce ai maina ce. Jauro ya karɓi gatari ya ɓantari gefe, ya ɗaga jan cikin itacen sama, ya ce shi dai tun da aka haife shi bai ga maina mai wannan zuciya ba, ya ba dattawa suka sansana. Kafin la'asar dirkokin shinge sun koma inda suka fito, ma'aikatansa ne suka tumɓuke su yana tsaye.

Yanzu ga abin da ke ci mini rai, shi ne ma ya sa na zauna rubutu. Wa kake tsammani garin nan ke yi wa dariya? Wanda ya so ya haɗiye rijiyar marainiyar Allah, ran Juma'a sahun gaba ya zauna, mutane na miƙa masa hannu biyu, ana cewa kuskuren awo ne, kowa na iya yi. Ni kuwa da na tona asirin kaina da hannuna, ko yaran makaranta in sun ga amalankena sai su yi ta kiran Kamu Ɗaya. Aikin hanya ya tafi, wannan ban yi kukansa ba. Amma duk wanda na taɓa yi wa aiki da inji ya zo ƙofar gidana. Wani ya ce maina ta tsiro a tsakiyar ɗakin amaryarsa. Wani da na yi wa aiki da diga tun zamanin Turawa, shi ma ya zo wai a duba masa. Ban kori kowa ba, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ina bin su gida-gida da diga, ni da Boaz, inji ya ci sama mu tone ƙasa. Allon kuma na goge kalma biyu na ƙarshe da kaina. Amma a ce ɓarawon ƙasa ya fi mai ƙaryar fenti daraja, wannan ban yarda ba, kuma ba zan yarda ba har in mutu. Kada ka aiko mini da shawarar in bar sana'ar, na san ita ce a bakinka. Da kututture na biya maka makaranta har ka iya sa hannu mai lanƙwasa.

Mahaifiyarka na gaishe ka, ta ce a shafa mata kan jariri. Huseina na gaida yayarta Kaltume maiɗakinka, ta ce ba ta manta alkawarin ɗankwali ba. Boaz ya ce a gaida Akawu, wato kai. Ka gaida surukanka da maigidan da kake haya a wurinsa, da duk wanda ya tambaye ni, ko da don ya yi dariya ne.

Saura magana ɗaya, kuma ta shafe ka. Bayan an watse na je na durƙusa a ƙofar Gogo, ina jiran ko ta ce na kyauta. Ta ce rijiya dama tata ce, ban ba ta komai ba. Abin da na ɗauke mata shi ne abin da ya rage na tsamiyar da mijinta ke zama a gindinta tun tsamiyar na da rai, wato kututturen da take jingina a kai in ta gaji da jan guga, shi take so in mayar. Jauro ya yanke cewa in dasa sabuwar tsamiya a bakin ramin, in yi mata shinge, in riƙa ba ta ruwa har ta yi kaurin da za ta ɗauki sara uku. Na dasa, yanzu tsawonta bai wuce tafin hannuna ba. Kullum da safe ina takawa Alkalawa in ja guga biyu, Gogo na zaune tana kallo, ba ta amsa gaisuwata sai na zuba na biyun. Na tambayi masana, sun ce tsamiya ba ta gaggawa, sai ta shekara goma sha biyar kafin ta yi wannan kauri. Ni kuwa na ba hamsin da takwas baya. Saboda haka in ka zo hutun Sallah, ka zo da takalmin da ba ka jin tausayinsa, in kai ka ka ga wurin, ka gaida Gogo, ka koyi jan gugarta. In Allah Ya ɗauke ni kafin a yi saran nan, ba gida kaɗai za ka gada ba.

Wassalam. Ni ne mahaifinka,
Nata'ala mai diga.