Baba Ya Taka Ƙasa

Zuwa ga Yaya Lauratu a Dutse,

Gaisuwa mai yawa. Ina Inna da yara?

Albishirinki! Wani likita Bature a nan Ikko ya duba baƙin tabon nan na tafin ƙafar Baba. Ya ce, "Ciwon dajin fata ne, irin wanda ba safai ake gani ba, amma bai yaɗu ba." Ya yanke shi, har da yatsa ɗaya. Jiya Baba ya taka ƙasa da sanda, yana ta dariya.

Ni lafiya lau. A barandar asibiti nake kwana, amma na fara sabawa. A aiko mana da kuka da daddawa ta hannun Lado bafatake.

Baba ya ce kada kowa ya taɓa masa gona, da kansa zai shuka ta bana.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninki,
Barau