Hular Nusrat

Shamima, an karɓi Nusrat a sansanin hutu na yaran China!

Au, assalamu alaikum. Ya Kano, ya maigidan? Murna ce ta sa na manta gaisuwa. Ni sai da na yi furfura na koyi baƙi a makarantar dare, ga jikata za ta iya Sinanci tun tana ƙarama. A bayan gari suke kwana, ba a barin waya. Malamarsu ta ce Nusrat tana ɗan kuka, na aika kilishi.

Mahaifinki, Tankari, Guangzhou

Baba,

Barka da ƙoƙari, Allah ya ƙara girma. Amma hutu na turo ta wurinka, ba makaranta ba. Malamar ta aiko min hotonta: ido a kumbure, hula har kunne cikin wannan zafin. In ba ta daina kuka zuwa Juma'a ba, don Allah ka ɗauko ta.

'Yarka, Shamima

Shamima,

Ina gaisuwa. Na bar aikin jakunkuna a Shiling na je har ƙofar sansanin. Maigadi sai "meyo, meyo", wai babu shiga. Kilishin ma an dawo min da shi, wai ba a kawo abincin waje. Na kai dambun nama, aka sake dawowa da shi. Raina ya ɓaci. Ki bar ni zuwa Juma'ar.

Tankari

Angona tsoho,

Ina wuni. Ka daina aiko nama, ba yunwa nake ji ba. Kitson da Mama ta yi min ya warware a wurin iyo. Nan babu wanda ya iya, matajinsu ma karyewa yake a kaina. Kullum na taɓa kan sai in tuna Mama.

Amaryarka, Nusrat

Shamima,

Gaisuwa mai yawa. Ashe matsalar kai ce, kitsonta ya warware, ni ina ta fama da ciki. Na ɗauki Ramatou mai kitso, 'yar Nijar, muka tsaya a rana har malamar ta gaji ta shigar da ita. Hula ta fita. Yaran ɗakinsu suka yi layi, kowa sai an yi mata irin na Nusrat, Nusrat ɗin ke raba musu gashi.

Na ce ta zo mu tafi, Juma'a ta yi. Ta ce min "meyo".

Asabar ta sama za su yi wasan rufewa, ita ce a gaba. Na gaya wa mutanen masallaci da na kasuwar Baima. Ke ma in da hali ki taho, kowa ya zo ya gani!

Tankari