Zaren Rigar Baban Gulnar

Lahadi, 10 Sha'aban 1366

Gulnar ta miƙo mini littafin ta saman katangar soro. Na Masar ne, bangon ya yage, yarinyar ciki tana jiran wani matuƙin jirgin ruwa. A duk Misfala, unguwarmu a nan Makka, ita kaɗai nake iya yi wa magana ba tare da harshena ya ƙulle ba. 'Yar ƙasar Hindu ce ni Takaruriya, da Larabci muke haɗuwa.

Babanta, Ammi Abdulganiyyu, ya aiko wa Sitti, kakata, auduga. Ba ya sa yadin Turawa ko da kyauta ne. Wai a ƙasarsu tara yadin Ingila suke yi su cinna masa wuta, su koma kaɗi da hannu, kuma a kan haka aka ɗaure shi kafin ya gudo nan. Yanzu riga yake so, fara, ta zaren hannu, wadda zai sauka da ita gida ran da Turawa suka fita.

Sitti ta ce, "Mu ma su suka taso mu daga Sakkwato ina goye da uwarki. Kawo mazari." Amma idonta ya yi rauni. Ni zan kaɗa.

Laraba, 13 Sha'aban

Zare sai tsinkewa. Sitti ta ce hannuna na masu buɗe littafi ne.

Litinin, 9 Ramadan

Na tambayi Gulnar, in Turawa sun fita fa? Ta ce, "Sai garinmu Amritsar, ya habibti! Akwai bishiyar mangwaro a tsakar gidanmu, zan aiko miki." Ta yi dariya. Ni ma na yi, don kada ta gane.

Baban ya rantse ba zai hau jirgi ba sai da rigar. To. Hannuna ya fara iyawa, amma ina ja a hankali. In Sitti ta yi gyangyaɗi sai in ajiye mazari in ɗauki littafi.

Alhamis, 19 Ramadan

A ɗawafi na roƙi Allah Turawa su ƙara ko shekara guda. Ban san ko ya halatta ba. Wa zan tambaya?

Juma'a, 27 Ramadan

Sun fita. Labari ya zo daga Jidda, Hindawan unguwa suna ta rungumar juna a bakin shagon gahawa. Bayan igwar buɗa-baki Ammi ya shigo da kansa da faranti na alawa, gemunsa jiƙe da hawaye. Ya ce wa Sitti, "Ya Hajja, saura ku." Sitti ta ce, "Mu sai dai jikoki."

Ya juyo gare ni: "Ya binti, zarena fa?" Na ce saura kaɗan. Ko rabi ban yi ba.

Laraba, 10 Shawwal

Kwana biyu ban ga Gulnar a soro ba. Na karanta shafi ɗaya sau uku.

Asabar, 20 Shawwal

An raba ƙasar biyu, wannan kowa ya sani. Abin da ban sani ba, garinsu ya faɗa ɓangaren da ba na Musulmi ba. Alhazan da suka fara sauka sun ce Musulmin unguwarsu duk sun gudu, gidaje sun ƙone. Ba wanda ya san inda ƙanin Ammi yake.

Gulnar ta hau soro da yamma, ba kwalli. Ta ce, "Ba za mu tafi ba, Rumasa'u. Ba inda za mu." Ta jira in ce wani abu. A littafi nan ne ake rungume juna a yi murna. Ni katanga na riƙe.

Ga shi na samu. Ba haka na roƙa ba, wallahi ba haka ba.

Talata, 23 Shawwal

Ammi ya zo, bai zauna ba. Ya ce wa Sitti in an gama kaɗi a kai wa Malam Isa masaƙi, amma kada a yanka, kada a ɗinka. Zai wanke a Zamzam ya shanya a Harami yadda alhazai ke yi wa likkafaninsu. "Tunda ba a sauka da shi can ba, a sauke ni da shi nan."

Sitti ta ce, "Haka na ce da na zo, ya Shaihi, ga ni har yau ina cin shinkafa." Bai yi dariya ba.

Juma'a, 3 Zulƙida

Yatsuna sun yi kanta, allin kaɗi ya ƙare. Sitti ta ce me nake wa sauri haka kamar ana korata.

Wani alhaji ya ce ya ga ƙanin Ammi a Lahor, ɓangaren Musulmi, da rai. Ba tabbas. Gulnar ta ce in ya tabbata, ƙila bayan Hajji...

Na kai zaren da kaina. Na ce wa Malam Isa, ni da ban taɓa ɗaga ido na dube shi ba, ya saƙa da faɗin da zai isa hannun riga. Ba wanda ya aike ni da wannan.

Littafinta yana wurina. Gobe zan mayar, kada ya zamo ta rasa shi wajen ɗaurin kaya.