Bencin Baya na Babanki

Jos Jarawa, Jos.

Zuwa ga 'yata Klaudiya,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, Allah ya tsare ku a can Fatakwal. Ni ma da sauƙi, sai gwiwa da ke gaya mini sanyi ya shigo tun kafin masu rediyo su sani. Gidan ya yi mini girma. Har yanzu nakan dama kunu na mutum biyu, sai na juye nake tunawa.

Kin tambaye ni a waya ko babanki ya sami ceto, na ce miki ba na jin ki sosai. Na ji ki sarai. Bakina ne ya yi nauyi, shi ya sa na zauna rubutu.

Kin san dattawan ikkilisiya sun sa shi a horo saboda burkutun da ya sha a makokin yayansa a ƙauye. Ya ce ƙwarya ɗaya ce, masu ganin ido suka ce ƙwaryar tana da 'yan'uwa. Aka hana shi cin gurasar Jibin Ubangiji, aka mai da shi bencin baya, bakin ƙofa. Bai fasa zuwa sujada a ikkilisiya ko sau ɗaya ba. In mun dawo yakan ce can ya fi iska, ga shi kuma yana riga kowa fita. Amma ranar Jibi, idan farantin gurasa ya wuce shi, ƙeyata kaɗai yake kallo, ni kuwa na kasa juyawa. Ana shirin ɗage masa horon ke nan ciwon ya kwantar da shi, bai tashi ba.

Bayan jana'iza, wani dattijo ya ce mini wanda ya mutu a horo sai dai a bar wa Allah, da irin muryar da ake cewa mara lafiya ya ji jiki. Na kai maganar wurin fasto. Ya ce horo gyara ne na 'yan gida, ba kora ba ce, ceto kuma kyauta ce ta alheri ga wanda ya ba da gaskiya, mai bi yana iya tabbata da shi tun yana raye. Na ce to me ya sa dattijonsa bai tabbata ba? Sai ya ce mu yi addu'a. Har Malam Mahdi mai nama ya zo gaisuwa daga Abatuwa, ya ce shi dai bai taɓa ganin babanki, Baba Jang, ya cuci kowa ba. Na gode masa, amma ba wannan ce tambayarki ba.

Ga abin da nake da shi. A asibiti, da na ga jikin ya ƙi, na tambaye shi ko in roƙi dattawa su zo su ɗage horon. Ya ce in bar su, ya riga ya nemi gafara inda ake nema. Na ce ba ya tsoro? Ya dube ni kamar na zuba gishiri a shayi, ya ce, “Kangyang, ai ba benci ne ya mutu domina ba.”

Shi ya tabbata, Klaudiya. Ni ce wata rana nake tabbata, wata rana in rasa. Ranar da na rasa, maganarsa nake aro in riƙe, ke ma ki ara.

Yanzu a wurinsa na bencin baya nake zama. Matan zumuntar ikkilisiya sun yi ta kirana in dawo gaba, har ana raɗa ko ni ma na sha ne. Faranti yana iso ni a can, ina karɓa. Ki zo da Kirsimeti ki zauna kusa da ni, akwai wuri. Bai yi ƙarya ba, can ya fi iska.

Ki gaida surukina Okwudili, da jikokina Chisom da Chigozie. Gwaggonki tana gaishe ki.

Ni ce mamarki,
Ngo Kangyang Jang