Romon Farin Kifi na Wan Embong

Sentul, Kuala Lumpur
9 ga Disamba, 1979

Zuwa ga Mak Long Wan Sepiah, yayar Baba, a Marang.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kina lafiya, ya kuma ruwan da muka ji yana ta sauka a wajenku? Ni ce Norlia, matar ɗanku Mazlan. Sau ɗaya muka haɗu, ranar bikinmu, kuma a cikin hayaniyar nan ba lallai ki riƙe fuskata ba.

An sallamo Baba daga asibiti. Aikin da aka yi masa a ciki ya yi kyau, amma likita ya ce dole ya zauna kusa ana duba shi har ɗinkin ya warke, kuma dole ya ci abinci. To Baba ba ya ci.

Ba wai ba a dafawa ba ne. Mahaifiyata ce ke riƙe tukunyar biki a Kuala Pilah, kuma a gindin murhunta na tashi. Na yi masa kifi cikin madarar kwakwa mai kauri, na rage barkono saboda ciwonsa. Na yi kaza, na yi naman sa. Sai ya dubi kwanon ya ce, "Sannu da aiki, 'yata," ya yi loma biyu ya wanke hannu. In na tambaye shi me yake marmari, sai ya ce duk abin da aka ba shi alheri ne. Na tambayi Mazlan, ya ce shi tun yana yaro aka kai shi makarantar kwana, abin da yake tunawa kawai kifi ne a cikin ruwa mai rawaya. Ga shi aikin jirgin ƙasa ba ya barinsa zama, yau yana kudu gobe yana arewa.

Ban saba tambayar yadda ake girki ba, amma na tambaya. Don Allah ki rubuto min abin da Baba ke ci a gida.

Ki huta lafiya. 'Yarki,
Norlia binti Ujang

Marang
17 ga Disamba

Norlia,

Wa alaikis salam. Lafiya lau muke, ruwa kuma ya yi gyara, har ya hau matakalar gidana. Na riƙe fuskarki sarai. Ke ce amaryar da ta ƙi sunkuyar da kai.

Madarar kwakwa ga mutumin da aka yanka wa ciki? Ku mutanen tudu ban san me kifi ya yi muku ba da kuke binne shi da rai. Farin kifi ba ya son taro. Ɗan abu kaɗan yake so, a matsa a ba shi wuri.

Abin da Mazlan yake nufi singgang ne, kuma kunya ce a ce ɗan Wan Embong bai san sunansa ba. Ki samo jenahak, ko wani farin kifin mai ƙarfin tsoka. Ki dubi idonsa, in ya yi hazo ki bar wa mai shi kayansa. Ki sayi tukunyar ƙasa. Ki jera kifin a ciki, ki yanka ɗanyen kurkur da saiwar lengkuas, mai kama da citta ɗin nan, tafarnuwa, ƙananan albasa, ɗan tsami, gishiri, ki zuba ruwa ya sha kansa. Shi ke nan. Babu mai, babu suya. Kada ludayi ya shiga, in kina son juyawa ki kama kunnen tukunyar ki girgiza. Wuta kuma ƙasa-ƙasa.

In kina son canji, ki shafa wa kifi gishiri da kurkur ki gasa a garwashin ɓawon kwakwa. Ko ki naɗe shi a ganyen ayaba da citta da masoro, ki ɗora kan shinkafa idan ruwanta ya fara tsotsewa, tururin ya dafa shi.

Kada ki jira Embong ya faɗa miki abin da yake so. Mutumin nan ya ƙare ƙuruciyarsa yana nitso ƙarƙashin jirgin masunta, yana sauraren motsin kifi da kunnensa, ya taso ya nuna wa masu taru inda za su jefa. Tun daga nan har Dungun babu wanda bai san shi ba. Irinsa ba ya buɗe baki ya kushe abinci a gidan da ba nasa ba, ko da gidan ɗansa ne.

Ki ji ni da kyau. Yanzu hanya a yanke take, wasiƙar nan ma da kwalekwale za a tsallaka da ita. Amma ranar da ruwa ya janye, in har bai fara ci ba, zan zo in ɗauko ƙanena. Likita ya riƙe dubawarsa.

Ki gaishe shi, ki gaida mijinki.
Mak Long

Sentul
28 ga Disamba

Mak Long,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan ruwa ya sauka daga matakala. Saƙonki ya iso, na gode.

Na yi duk yadda kika ce. Na sayi tukunyar ƙasa a wurin wata tsohuwa 'yar wajenku da ke kasuwar Chow Kit. Kullum da sanyin safiya ina kasuwa, har mai kifin, wani ɗan China mai surutu, ya fara cewa, "Ga likitar ido ta iso, ku miƙe a duba ku." Ban sa mai ba, ban sa ludayi ba. Romon yana fitowa garau, kamar ruwan shayi mara madara, kifin bai farfashe ba. Na san na yi shi daidai, domin hanci ba ya yi min ƙarya.

Ranar farko da na kai masa, sai da idonsa ya yi haske. Ya kurɓa, ya ce, "An fara." Na ce, "Baba, me ya rage?" Ya ce, "Babu komai, 'yata, Allah ya yi albarka." Cokali uku ya sha. Gasasshen ya ɗan tsakura, na ganyen ayaba ya ce cittar na hawar masa ƙirji.

Zaninsa yanzu sai ya ninka shi sosai kafin ya zauna a ƙugu. Likita ya ce ɗinkin ba ya haɗewa yadda ya kamata saboda jikin babu abin da zai yi aiki da shi. Ya kuma ce doguwar tafiya a mota a wannan hali ganganci ne. Na gaya miki ne don ki sani kafin ki ɗauro kaya.

Maganar binne kifi da rai kuwa, na ji ta. Ban mayar ba saboda ke babba ce. Amma ki sani ba a taɓa tashi da yunwa daga tabarmar gidanmu ba, kuma ban yi niyyar Baba ya zama na farko ba. Ina kwana da abin a raina ina tashi da shi.

Ki huta lafiya.
Norlia

Marang
5 ga Janairu, 1980

Norlia,

Wa alaikis salam. Muna lafiya.

Da kin mayar ma da ban ji haushi ba, na fi son mai baki a kan mai ƙunƙuni. Amma baki ba ya sa mara lafiya ƙiba. Na karanta wasiƙarki har na gaji, ban ga inda kika kauce ba. Ko gishirinku na birni ne? Ko ruwan famfo? Ki gwada tarar ruwan sama. Singgang fa ko makauniya tana yin sa a nan, ban san me zan ƙara miki ba.

Ina da shekara goma sha ɗaya uwarmu ta rasu, Embong yana rarrafe. A bakina nake tauna kifi in ba shi. Ban taɓa dafa abin da ya ture ba. Da kika ce zaninsa na zamewa, ajiye takardar na yi na shiga ɗaki, don ba na son maƙwabta su ga fuskata. Tsoro nake ji, na faɗa miki gaskiya. Ina tsoron ya mutu a garin da ba a jin ƙarar teku, da yunwa a cikinsa, ga abinci a gabansa.

Ruwa ya fara janyewa. Na yi magana da mai motar haya, ya ce da zarar an buɗe gada zai kai ni. Na ji abin da likita ya ce. In tafiya za ta kashe shi, zama ma kashe shi yake yi, gara ya zo inda zai ci. Ki haɗa masa kayansa. Ban ce laifinki ba ne. Hannu ne kawai, kowa da irin nasa.

Mak Long

Sentul
13 ga Janairu

Mak Long,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa. Ban haɗa kayan Baba ba, kuma ba zan haɗa ba. Ki zauna ki karanta.

Ranar Talata na tashi da zazzaɓi, ko tsayuwa ba na iyawa, balle kasuwa. Mazlan yana arewa. Rana ta take, babu komai a gidan sai sauran singgang na jiya a tukunya. A gidanmu ba a kai wa babba ɗumame. Mahaifiyata ko kwanon da ya huce ba ta bari a ajiye gaban suruki. Shi ya sa tun da na fara, kullum sabo nake dafa wa Baba, daga wuta sai gabansa. Abin da ya kwana ni nake ɗumamawa da safe in cinye a kicin, in yanka barkono a kai. Na lura yana min daɗi, amma na ɗauka barkonon ne.

To ranar dai babu yadda zan yi. Na ɗumama, romon ya ja baya ya yi duhu, kifin ya rine har ƙashi. Na kai masa ina jin kamar in nutse. Na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe min, yau na jiya ne."

Ya karɓi kwanon. Ya kurɓa, ya jawo shinkafa, ya kwarara romon a kai. Mak Long, ya cinye. Ya tsotse kan kifin, ya jera ƙayoyin a gefen faranti, ya ce, "Akwai saura a gindin tukunyar?"

Da ya gama ya jingina da bango yana gumi, sai ya ce, "Yau Mazlan ya yi asara."

Na ce, "Asarar me, Baba?"

Ya ce, "Rabonsa mana. Ai kullum da safe ina jin ƙamshin kina ɗumamawa. Na ce yarinyar nan mijinta take ajiye wa mai kyaun, ni tana ba ni ɗanyen. Na ce to madalla, ɗana ya yi dace, ba zan shiga tsakani ba."

Na ce, "Baba, ni nake cinyewa. Don kada in raina ka."

Ya dube ni, na dube shi. Sai ya fara dariya yana dafe ɗinki, yana cewa, "Wayyo cikina, ke 'yar tudu za ki ƙarasa aikin likita." Ni kuwa kuka nake, ban san lokacin da ya koma dariya ba. Ya ce singgang ranar da aka dafa shi ruwa daban kifi daban, ko gaisawa ba su yi ba. Sai ya kwana an sake tafasa shi yake zama abinci. Na ce to me ya hana ka faɗa? Ya ce, "In ce wa surukata ta ba ni abincin mijinta? Ni Wan Embong?"

Yanzu tukunya biyu gare ni, ɗaya tana wuta ɗaya tana jiran gobe. Yana ci safe da rana, da yamma har gasasshen yake karɓa. Jiya da ƙafarsa ya taka zuwa masallaci. Likita ya duba ɗinkin ya tambaye ni me na canza, na ce ba komai, jinkiri kawai na koya. Baba kuma ya ce lengkuas ɗina ya fi naki daidai, naki yana yawa. Ya ce kada in rubuta, na ce sai na rubuta.

Na sake duba wasiƙarki ta farko. Kin faɗi idon kifi, kin faɗi kunnen tukunya, ba ki ce a bar shi ya kwana ba. Ban ce laifinki ba ne.

Ki huta lafiya. 'Yarki,
Norlia binti Ujang

Marang
20 ga Janairu

'Yata Norlia,

Wa alaikis salam. Alhamdu lillahi. Na karanta wa matan unguwa wasiƙarki a bakin rijiya, na ce su ji irin matar da ɗanmu ya auro.

Wa zai rubuta a bar shi ya kwana? Ban rubuta miki ki kunna wuta ba ma. Maganar lengkuas kuwa, ki ce masa cin da ya yi ne ya dawo masa da baki.

An buɗe gada, kuma mai mota ya riga ya ɗauki alkawari. Ki bar kayansa inda suke, ya zauna wurinki har likita ya sallame shi. Ni kaɗai zan zo, ni kaɗai zan koma.

Ranar Alhamis zan iso. Ki dafa ranar Laraba.

Mak Long