Tasar Masu Wankin Ƙafa

Kwarin Aduwa, ƙasar Damargu
12 ga Jimada Lahir, 1345

Daga Audi ɗan Malam Jibrin zuwa ga aminina kuma abokin karatuna, Malam Attahir, a Birnin Damagaram. Gaisuwa mai yawa da so da yarda. Ina fata kana lafiya, kai da iyali. Yaya gwiwar Inna Yagana? Mu nan lafiya lau, sai ƙishirwar Damargu da ka sani. Maiɗakina Rabi tana gaida mutanen gida.

Bayan haka, labarin baƙin da ka ji gaskiya ne. Su tara ne: wani tsohon Nasara mai gemu ba gashin baki, da matarsa, da baƙar fata bakwai da suka taho tare daga kudu, ƙasar da Ingilishi ke mulki. Sun nuna takardar izini daga bariki, suka roƙi Maigari fili yamma da gari, wai za su haƙa mana rijiya don Allah. A garin nan idan mutum ya ce zai haƙa rami kyauta, abin da ake fara tambaya shi ne me zai binne a ciki.

Maigari ya ɗora mini aikin sa musu ido, tunda ni nake rubuta masa takardu, kuma a ganinsa wanda ya ci littattafan fikihu ba ya ruɗuwa. Ban gyara masa wannan zato ba.

Suna kiran kansu Manoniyawa, da sunan wani malaminsu na dā can Turai. Mabiya Annabi Isa ne, amma ba irin Nasaran bariki ba. Ba giya, ba taba, matansu ba sa fita kai a buɗe. Jariri ba ya shiga addininsu, sai ya girma ya nema da bakinsa. Tsohon nan, da suke ce wa Ɗan'uwa Ishaku, shi ke musu wa'azi, amma da safe za ka same shi cikin rami yana cika guga da ƙasa kamar bara. Na karanta labarin malamai masu gudun duniya da yawa, ban taɓa zaton zan ga irinsu da malafar Turawa ba, shi ya sa ban yarda ba.

Sule tsohon soja ya ce harshen da tsohon ke yi da matarsa na Jamus ne. Ya ce shekara biyu Jamusawa suna harbinsa, bai ga wanda ba ya son bindiga ba ko ɗaya, balle a ce masa waɗannan ko sanda ba sa ɗaga wa mutum. Don ya gwada su, sai ya saki jakunansa cikin harawarsu suka cinye rabi. Da la'asar sai ga sauran harawar an kawo masa har ƙofar gida, wai da alama jakunan yunwa suke ji. Tun ranar Sule ya ƙara laya biyu a damtse.

Amma abin da ya tayar wa gari hankali shi ne tasa. Wasu ranakun Lahadi, bayan sun yi waƙe-waƙensu ba ganga ba garaya, sai su ɗaura zane a kugu su durƙusa suna wanke wa juna ƙafa, maza gefe, mata gefe. Ruwan kuma ba sa zubarwa, sai a kewaya da shi bayan zana. Ka san abin da ake yi wa mutum da ƙasar sawunsa kawai, balle ruwan da ya wanke ƙafar kanta. Mata sun ce duk wanda aka wanke, inda suka nufa can zai bi su. Hujjarsu Barmo, ɗan garin nan, wanda yunwar shekarun baya ta kora kudu yana saurayi. Dā ba a tashi kasuwa bai fasa bakin wani ba. Yanzu ya dawo tare da su, babu ƙaramin yatsan ƙafar dama da dutsen rijiya ya cire masa, babu kuma zagi a bakinsa. Gwaggonsa ta ce yatsan ta yafe, amma a dawo mata da sauran ɗanta.

Ni ma na faɗa a ƙofar masallaci cewa duk wanda ya miƙa musu ƙafa bai kamata ya ja salla ba. An yaba maganar ƙwarai. Saura in gano inda ruwan nan ke zuwa.

Ka gaida Inna da yara. Wassalam.
Naka, Audi.


Kwarin Aduwa
9 ga Rajab

Zuwa ga Malam Attahir, gaisuwa da fatan alheri, da tambayar lafiyarka da ta Inna. Mu jikinmu lafiya, garin ne ba lafiya.

Wani Buzu makiyayi daga wajen Belbeji, Aghali, an sace masa taguwa, wato raƙuma, ranar Lahadin da ta wuce da hantsi, a wata rijiya mai nisan yini guda daga nan. Mutanensa suka bi sawu har ya ɓace musu a kan duwatsu. Sawun na ƙafar dama ne mai yatsu huɗu. A kasuwa wani mai son taimako ya gaya masa Kwarin Aduwa akwai mai irin wannan ƙafa. Shekaranjiya ya iso da mutum biyar da takubba, yanzu haka Barmo yana ɗaure a zauren Maigari.

Barmo ya ce ranar yana wurin ibadarsu tun hantsi har azahar. Tsohon ya ce haka ne, sauran ma suka ce haka ne. Aghali mutum ne mai hankali. Ya ce bai san addininsu ba, amma a ɗauko littafinsu, ɗaya daga cikinsu ya dafa ya rantse, shi kuwa ya hau raƙuminsa ya koma. A nan ne aka tsaya, Attahir, domin mutanen nan ba sa rantsuwa. Tsohon ya bayyana da Hausarsa mai ɗingishi cewa an hana su. Wai wanda ya rantse yau ya nuna cewa maganarsa ta jiya ba abin dogaro ba ce, su kuwa magana ɗaya gare su, a kasuwa ko gaban sarki.

Maigari ya lallashe shi har ya gaji. Ya ce, "Baba Ishaku, ba cewa aka yi ka ci wuta ba. Ka ɗora hannu, ka faɗi abin da ka riga ka faɗa, mu je mu ci tuwo." Ya ƙi. Aka juya ga Barmo, mai igiya a hannu, shi ma ya ƙi. Aghali ya ce to ga shi nan, mutum tara sun ga abu, an rasa wanda zai kira Allah a kansa. Ni ma da ni ne haka zan ce. Maigari ya yanke cewa idan aka sauko daga sallar Juma'a babu shaida mai rantsuwa, zai miƙa Barmo ga gardi, dogarin Nasara, a kai shi bariki. Ka san ɓarawon raƙumi ba ya fitowa kaso da ƙuruciyarsa.

Na je na sami tsohon a bakin rijiyarsu, na kawo masa hujja kan hujja cewa lalura tana halatta abin da aka hana. Ya saurare ni da ladabi, hawaye na bin gemunsa, ya ce ya roƙi a ɗaure shi a madadin Barmo an ƙi, ya miƙa wa Aghali shanunsu biyu masu jan ƙasa, Aghali ya ce shi taguwarsa yake nema. Ban da rantsuwa, in ji shi, babu abin da ba zai yi ba. Sa'an nan ya dube ni ya yi shiru.

Wannan shirun ne ya sa na ɗauki alƙalami, domin akwai abin da ban gaya maka ba. Ka karanta wannan kai kaɗai.

A waccan Lahadin na ce wa Maigari da Rabi zan je Falanko aron littafi. Ban je ba. Na kewaya ta bayan tudu na ɓullo rumfarsu, da niyyar in zauna daga gefe in ga ƙarshen ruwan. Suka shimfiɗa mini tabarma kamar sun san da zuwana. Ina cikin ƙirga fuskoki sai na ga tasa a gabana, Barmo a durƙushe. Da na janye ƙafa da sun ce malamin gari tsoro yake ji, kuma da sun faɗi gaskiya. Sai na miƙa, ina karanta duk abin da na haddace na tsari. Ya wanke, ya ga fason da ya tsattsaga mini diddige, ya girgiza kai ya shafa masa wani mai. Da aka ɗauki tasar na bi ta bayan zana. Zogale suke shukawa, Attahir, ƙanana guda goma sha ɗaya, a jere. Asirin da na bi ke nan.

Saboda haka na san inda Barmo yake da hantsin nan, diddigena ne a hannunsa. Su tara sun sani, kuma a gaban Maigari ba wanda ya ko kalli inda nake zaune ina rubutu. Me suke jira? Mutumin da ya riƙe sirrinka bai yi amfani da shi ba, ajiya yake yi. Ka tuna kuma tun da liman ya kwanta ciwo ni nake jan salla, kuma ka tuna abin da na faɗa a ƙofar masallaci.

Me za ka yi da kai ne? Na san amsarka ba za ta iso kafin Juma'a ba. Wataƙila shi ya sa na tambaye ka.

Wassalam.
Audi.


Kwarin Aduwa
21 ga Rajab

Zuwa ga aminina Malam Attahir, gaisuwa mai yawa. Na ji daɗin jin Inna ta fara takawa, Allah ya ƙara sauƙi. Takardarka ta iso jiya, da shawara mai kyau wadda ta makara da kwana goma. Na adana ta don wani karon.

Ranar Juma'a na ja salla, na tsawaita ta fiye da kima, amma duk da haka ta ƙare. Muka taru a ƙofar Maigari. Gardi yana zaune a inuwa yana gyara igiya. Manoniyawan suna tsaye gefe guda sun sunkuyar da kai, bakinsu na motsi. Na jira har Maigari ya nemi shaida mai rantsuwa karo na uku, ko Allah zai sa wani ya kira sunana in samu abin yin fushi. Ba wanda ya kira. Aka tayar da Barmo, gwaggonsa ta fasa kuka, sai na ji kaina ina cewa a kawo mini ruwan alwala.

Na dafa Littafin Allah na faɗi duka, har zuwa Falankon da ban je ba. Sule ne ya fara magana, ya ce shi dama ya lura tafiyata ta sake. Aghali kuwa bai yi dariya ba. Ya ce in nuna masa ƙafar. Na tuɓe takalmi a gaban jama'a, ya durƙusa ya duba diddigen kamar mai sayen amale, ya ce lallai wannan faso ne da ya warke kwanan nan. Ya ce malamin da ya tona wa kansa asiri haka ba zai ƙara da rantsuwar ƙarya ba. Da hannunsa ya kwance Barmo. Taguwar har yau ba a gan ta ba, kuma akwai masu cewa mutanen da suka iya juya malami ai za su iya sa mutum ya kasance wuri biyu a hantsi ɗaya.

Maigari bai karɓe alƙalaminsa ba, don babu wani mai rubutu tsakanin nan da Gangara, amma yanzu sai na karanta masa takarda sau biyu yana kallon bakina. Rabi ta ce ba wankin ƙafar ne ya dame ta ba, guzurin Falanko da ta tashi ta dama mini ne take son sanin wanda ya sha. A masallaci sahu uku sun koma ɗaya da rabi. Waɗanda suka rage ma, duk lokacin da na yi sujada ina jin idanunsu a tafin ƙafata.

Shekaranjiya Barmo ya zo gidana da ɗan ganyen zogale a ƙwarya, tsinkar farko. Ya ce ya gode, sau ɗaya, ba wallahi ba tallahi. Na tambaye shi, tsakaninsa da Allah, me ya hana shi kiran sunana alhali igiya na hannunsa. Ya ce, "Malam, a ɓoye ka zo mana. Ba mu muke da ikon faɗa ba, kai ne."

Ka duba wayon mutanen nan, Attahir. Na kwana biyu ina juya maganar, na kuma auna kaina ba tare da son rai ba. Da sun nuna ni a gaban jama'a, da na musanta, kuma ina tsoron da rantsuwa zan musanta. Ko sun san haka, ko ba su sani ba, ban iya ganewa ba. Har yanzu ban yarda da su ba. Ban san abin da suke nema a Damargu ba, rijiyar kuma ta kai gaba ashirin ba ruwa, ba bindigogin da Sule ke zaton sun binne.

Zogalen, Rabi ta ce ba zai shiga tukunyarta ba, ta san ruwan da ya sha. Na ce ai ƙafata ce a ciki. Na dafa da kaina na kwaɗanta da ƙuli na ci. Idan ka ji na bi su kudu, ka gaya wa mutane ta ciki aka kama ni.

Roƙona ɗaya. Idan ka sami mai tahowa, ka aiko mini da huffi na jar fata daga wurin dukawan Birni, mai rufe diddige sosai, ko mutanen sahun gaba sa koma kallon wurin sujadarsu.

Ka gaida Inna da yara da duk mai tambayata, idan akwai saura. Wassalam.
Naka har kullum,
Audi ɗan Malam Jibrin.