Koren Ƙulli a Cikin Hula

Sheshe, Kano

Yaya Abdulbaqi,

Assalamu alaikum. Ya Gusau, ya ɗalibanka? Albishirinka! Hajiya 'Yardada za ta naɗa mai duba aiki a ƙungiyarmu ta ɗinkin hula. Shekara tara ina huda yatsuna a gidan nan, wa za a ba in ba ni ba? Sai ga wata Tani daga Ƙofar Mazugal, ko allura ba ta taɓa riƙewa a wurinmu ba, wai ita ma tana so. Ji ƙarfin hali! Hajiya ta ce mu biyun kowa ta ɗinka hula ɗaya, a ajiye ba suna, wadda aikinta ya fi ita ce.

Ni dariya ma na yi. Ka tuna koren ƙullin da nake yi a cikin kowace hulata, wanda Inna ta koya min? Hajiya ta san shi kamar yunwar cikinta. Tana juya hular ta gan shi, shi ke nan. Har na zaɓi atamfar walima!

A gaida Anti. Ƙanwarka,
Shamsiyya

Gusau

Zuwa ga Shamsiyya,

Wa'alaikumus salam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na yi murna, amma ƙullin nan suna ne, an kuma ce ba suna. Tani ma 'yar wani ce, ta zo ne bisa amana. Idan kika ci da ƙullin, har abada ba za ki san ko hannunki ne ya ci ko sabo ba. Shawara ce, ba dole ba.

Allah Ya yi jagora.
Abdulbaqi

Yaya,

Sallama. Wallahi ka ɓata min rai! Kullum kai sai wa'azi. Kwana biyu ina zaginka a zuci, ka yafe.

Jiya Tani ta zo gaida Hajiya, na ga wata tsohuwar hula da ta ɗinka. Yaya, yarinyar nan ta iya. Na dawo gida na riƙe tawa ina kallon ƙullin, shi kaɗai ne gatana. Sai na sa reza na cire, ina cirewa ina hawaye. In na faɗi, kai ka ja min, kuma ba za ka ƙara cin dambuna ba.

Taka a fusace,
Shamsiyya

Yaya! Yaya!

Sallama a gurguje. Yau aka yi, gaban mata goma sha huɗu. Hajiya ta juya hulunan ciki waje, ta laluba, na ga koren ƙulli take nema. Ba ta samu ba. Ta daɗe tana shafa ɗinkin, sannan ta ɗaga ɗaya ta dube ni da tausayi.

"Shamsiyya, ki yi haƙuri. Ke tawa ce, amma wannan ta fi, kuma na tabbata ta baƙuwa ce. Ita zan ba."

Tani ta ce, "Hajiya, ai ba tawa ba ce."

Tawa ce, Yaya! Sai guɗa! Tani ce ta fara rungume ni, na kuma roƙi Hajiya ta ɗauke ta ɗinki. Shekara tara ina zaton ƙullin nan ne Hajiya take so, ashe aikin hannuna ne. Ka zo ranar Juma'a, dambunka na nan.

Ƙanwarka mai duba aiki,
Shamsiyya